Shawarwari 12 don rage kuɗin wuta, gas da fetur a gida

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin kowane gida a Nijeriya ya canja. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce dubu a garuruwa da dama. Ana cikin jin wannan raɗaɗin sai hukumar NERC, mai sa ido kan harkar lantarki, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 a watan Afrilun 2024, daga baya ya ɗan sauko zuwa wajen 209. Gas da gawayi su ma suka bi sahu. Yau magidanci ta ƙofa huɗu kuɗinsa ke fita: katin wuta, man inji, cikon gas, da buhun gawayi.

Farashi ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne yawan abin da muke ƙonawa, kuma a nan ne nake ganin gidaje da yawa suna tsuke bakin aljihu a inda babu riba. Sai ka ji maigida yana faɗa a kan cajin waya, ga hita can a bokiti tana ta tafarfasa ruwan wanka ba wanda ya tanka. Shawarwarin nan na fara su ne da wadda ba ta cin ko kwabo, na ƙare da mai buƙatar jari, kuma bin jerin yana da muhimmanci.

1. Fara da sanin mai cin kuɗin

Kowane kayan wuta yana da rubutu a jikinsa ko a ƙasansa da ke nuna ƙarfin wutar da yake ja, wato wat. Yunit ɗaya da kake saya a kati shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Da wannan kaɗai za ka iya lissafin komai. Hita mai wat 1,500 tana cinye yunit ɗaya cikin minti 40. Fankar silin mai wat 75 sai ta yi awa 13 tana juyawa kafin ta ci yunit. Ƙwan LED mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100 a kunne. Wayar salula za a cika ta da caji wajen sau 40 kafin yunit ɗaya ya ƙare.

Ka ga ke nan masu cin kuɗi iri biyu ne: masu kawo zafi da masu kawo sanyi. Hita, dutsen guga, butar lantarki, rishon wuta, esi, firiza, sai injin jan ruwa. Ka ɗauki biro da takarda ka zagaya gidanka ɗaki ɗaki, ka rubuta kowane abu da wat ɗinsa da awannin da yake yi a kunne. A yi wannan zagayen tare da uwargida, domin ita ta san abin da ake kunnawa bayan maigida ya fita kasuwa ko ofis.

2. Nemi mita mai kati, ka san rukuninka

Wanda ake kawo wa bil na ƙiyasi ko ya kashe komai ya zauna a duhu, kuɗin da aka ƙiyasta za a rubuta masa. Saboda haka duk wani tsimi ba ya soma amfani sai an sa mita. Akwai tsarin MAP da aka fito da shi a 2018, inda mutum zai biya kuɗin mita a riƙa mayar masa ta hanyar yunit, gwamnatin tarayya kuma ta fara wani shirin raba mitoci a 2020. Ka je ofishin kamfanin da ke ba ka wuta da ƙafarka: KEDCO idan kana Kano, Katsina ko Jigawa, Kaduna Electric idan kana Kaduna, Zamfara, Sakkwato ko Kabi, na Jos ga mutanen Filato, Bauchi, Gombe da Binuwai, na Yola ga Adamawa, Taraba, Borno da Yobe. Kada ka miƙa kuɗin mita a hannun wani a bakin titi, ka biya ta inda za a ba ka rasit.

Rukunin da aka sa layinku shi ke yanke farashi. Rukunin A alƙawarinsa aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. In ana cajinku kuɗin A alhali wutar ba ta kai haka ba, ku haɗu da maƙwabta ku riƙa rubuta lokacin kawowa da ɗaukewa, ku kai ƙorafi a rubuce ga kamfanin. In ba a saurare ku ba, NERC tana da ofisoshin sauraron koke a jihohi. Wanda kuma ba shi da mita ya sani cewa tun 2020 hukumar ta ƙayyade iyakar abin da za a iya ƙiyasta masa a wata.

Abu ɗaya ne ba zan ba ka shawararsa ba, wato zagaye mita. Sata ce, ga tara mai nauyi, ga haɗarin gobara, kuma abin da ka ci maƙwabcinka marar mita ake ɗora wa.

3. Sauya ƙwayayen fitila

Wannan shi ne mafi saurin mayar da kuɗinsa. Tsohon ƙwai mai jan haske na wat 60, in guda goma ne a gida suna yin awa shida kullum, yunit 108 suke ci a wata. LED mai wat 9 yana ba da haske daidai da shi, kuma goma ɗin yunit 16 kacal za su ci. A farashin rukunin A na naira 209, bambancin ya haura naira 19,000 duk wata. Fitilar ƙofar gida da ke kwana a kunne ita za a fara sauyawa, ko a sa mai ɗan faifan sola a ka, wadda ke kunna kanta da magariba.

4. Ruwan zafi da guga

A hunturu ne katin wuta ke ƙarewa da wuri a gidajen da ba su da esi, dalilin kuwa ruwan wanka ne. Rana tana iya ɗauke rabin wannan aikin. A cika baƙar jarka ko baƙin baho mai murfi a ajiye a tsakar gida inda rana ke duka tun hantsi. Zuwa la'asar ruwan ya yi ɗumin da za a yi wa yara wanka. Na safe kuma a tafasa sau ɗaya a zuba a babban fulas, maimakon kowa ya tashi ya jona tasa hitar. Mai hitar bango ya kunna ta minti 20 kafin wanka ya kashe, kada ta wuni tana dafa ruwan da ba mai amfani da shi.

Guga a tara ta a yi rana ɗaya lokacin da aka kawo wuta. Dumama dutse daga sanyi saboda riga ɗaya kowace safiya asara ce. In an kusa gamawa a zare shi, sauran zafin ya isa hankici da ɗankwali.

5. Hana zafin shiga ɗaki tun farko

Magabatanmu sun fi mu fahimtar wannan. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soro a cikin birnin Kano ko Zariya da tsakar rana a watan Afrilu ya san sanyin da ke tarbarsa tun daga zaure. Katangar ƙasa mai kauri da rufin azara suna shanye zafin rana a hankali, ba ya isa ciki sai dare ya yi, lokacin kuwa mutane suna tsakar gida. Mu kuma muka koma bulo mai rami da kwano, ɗakin ya zama ba ya zaunuwa, sannan muka sayi fanka da esi don gyara abin da gini ya ɓata.

Ba cewa nake a rushe gida a koma tubali ba, ko da yake mai shirin sabon gini ya kamata ya tambayi magina a kan jan bulo da bulon ƙasa da ake matsewa da inji. Ga wanda ya riga ya gina akwai gyare-gyare masu sauƙi. Ɗakin da ba shi da silin a sa masa, ko na kwali ne. A bar ƙananan kafofi a saman bango tsakanin kwano da silin, a rufe su da raga, don iskar da ta yi zafi a can ta sami hanyar fita. Wanda zai sayi kwano ya guji baƙi da ruwan ƙasa mai duhu komai kyansu a ido. Fari ko mai haske yana mayar da zafin rana sama. Tsohon kwano ma ana iya shafa masa farin fenti.

Bangon yamma shi ne babban mai laifi, domin rana tana dukansa daga azahar har faɗuwarta, sai ya kwana yana amayar da zafi cikin ɗaki. A yi masa rumfa, ko ta zana ce, ko a dasa darbejiya ko mangwaro a wannan gefen, a ɗan nesanta da tushen gini saboda saiwa. Darbejiya tana da saurin girma kuma tana jure fari, cikin 'yan shekaru za ta ba da inuwa. Sai batun tagogi: a bazara a rufe su da labule mai kauri tun hantsi, a buɗe su duka bayan isha'i har asuba, in da raga da ƙarfen tsaro. Mutane da yawa akasin haka suke yi, su buɗe da rana iska mai zafi ta cika ɗaki, su rufe da dare saboda sauro. Kuɗin ragar taga bai kai na katin wata guda ba.

6. Fanka da esi

Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan wajen wat 1,200. In ya kwana awa takwas bai huta ba, ya ci kusan yunit goma, wato wajen naira 2,000 a dare ɗaya a rukunin A. Mai shi ya sa shi a digiri 25 ko 26, ya kunna fanka tare. Jiki zai ji sanyi, injin kuma zai riƙa hutawa. Sa shi a 16 ba ya sa ɗaki saurin sanyi, hana injin tsayawa kawai yake yi. A toshe ƙasan ƙofa, a wanke ragar cikinsa duk mako biyu a lokacin ƙura, a yi wa na wajen inuwa ba tare da toshe masa iska ba. Mai sayen sabo ya nemi mai inbata.

Fanka kuwa mutum take sanyayawa, ba ɗaki ba, don haka a kashe ta in an fita. Akwai sababbin fankoki masu jan wat 30 ko ƙasa da haka, waɗanda suka dace da mai tunanin sola.

7. Firiji da firiza

Su ne ke aiki dare da rana muddin akwai wuta. Tsohon firiji ɗan Kwatano yana da araha ranar saye, amma yakan ci wuta ninkin sabo. Wannan ne ya sa Ghana ta hana shigo da irinsu tun 2013. In naka tsoho ne, gwada robar ƙofarsa: ka maƙala takardar naira ka rufe, in ta zame da sauƙi to sanyi yana tsiyayewa ta nan, a sauya robar. A janye shi daga bango kamar tafin hannu, a nesanta shi da murhu da hasken rana, a kankare ƙanƙara in ta yi kauri. Miya ta huce kafin a sa ta. Firiza cikakkiya ta fi riƙe sanyi, don haka a cike gurbin da robobin ruwa. In ba a buɗe ta ba takan riƙe ƙanƙara har kwana biyu bayan an ɗauke wuta.

Ba kuma komai ne sai firiji ba. Ruwan randa har yau yana da masoya. Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwan yana bushewa yana janye zafi, sai tumatir da tattasai da gauta da alayyafo su yi kwanaki ba su yanƙwane ba. Dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska irin tamu ta rani. A riƙa jiƙa yashin safe da yamma.

8. Madafa, inda mafi yawan kuɗin ke ƙonewa

In za a haɗa lissafi na gaskiya, a gidaje da yawa kuɗin girki ya fi na lantarki. A nan uwargida ce mai ilimin, ni dai tunatarwa zan yi.

A gama yanka da jajjage kafin a kunna wuta. A rufe tukunya, domin buɗaɗɗiya tana ɓata lokaci da gas. Harshen wuta kada ya wuce gindin tukunya. Duk wanda ya leƙo gefe iska yake dafawa. Da zarar abu ya tafasa a rage wuta, tafasa mai ƙarfi ba ta ƙara saurin nuna. In harshen gas ya koma ja ko rawaya yana baƙanta tukunya, kan rishon ya toshe, a cire a wanke har ya dawo shuɗi. Mai girki a waje ta kare wutar daga iska ko da guntun kwano ne.

Wake a jiƙa shi tun dare. Ganda, ƙafar sa da kayan ciki su ne ke shanye gas, tukunyar firesha kuwa tana rage lokacinsu da fiye da rabi, kuma in gidan masu cin wake ne za ta biya kuɗinta cikin 'yan watanni. Akwai wata dabara da ba ta cin komai: shinkafa ko wake in sun tafasa sosai na ɗan lokaci, a sauke tukunyar a rufe ruf, a naɗe ta da tsohon bargo a sa a kwando. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar, abincin kuma ya jira masu dawowa daga makaranta da zafinsa.

Wajen cikon gas a sa ido a kan sikeli. Nauyin tukunyar wofi yana rubuce a jikinta. A auna kafin a cika, a auna bayan an cika, a tabbata kilon da aka biya shi aka zuba. In gas yana ƙarewa da wuri ba dalili, a shafa ruwan sabulu a bakin tiyo da kan tukunyar, in ya yi kumfa to yana yoyo. Kada a taɓa gwadawa da ashana.

Masu itace da gawayi su ne suka fi yin asara. Murhun duwatsu uku ɗan kaɗan ne daga zafinsa ke isa tukunya, sauran yana bin iska. Murhun da aka kewaye da yumɓu, ko kurfoti mai yumɓu a ciki, ko na ƙarfe irin Save80 da ake haɗawa a Kano, suna rage cin itace sosai, su rage hayaƙi. Batun hayaƙin nan ba ƙarami ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida tana kashe wajen mutum miliyan uku a shekara, kuma mata da ƙananan yara, su da ke wuni a gindin murhu, su suka fi shaƙarta. A sayi itace da gawayi da rani a adana inda ruwa ba ya taɓawa, don da damina suna tsada kuma ɗanye hayaƙi kawai yake yi. In an gama girki a rufe sauran garwashi da yashi, gobe zai sake kamawa.

9. Injin ruwa

Sau nawa kake wucewa ta lungu ka ga ruwa yana kwarara daga tankin wani gida? Injin doki ɗaya wat 750 yake ja. A sa masa ɗan abin da ke kashe shi da kansa in tanki ya cika, a gyara famfon da ke ɗiga, a kuma riƙa jan ruwa lokacin da aka kawo wuta.

10. A duba wayoyin gida

Kashe komai, ka zare duk abin da ke jone, ka tsaya gaban mita. In ɗan jan hasken da ke jikin mitar yana ci gaba da ƙiftawa, to wuta tana zurarewa a wani wuri, ko wani ya ja layi daga naka. Kira ƙwararren mai gyaran wuta. Siririyar waya marar inganci tana ɗaukar zafi, ta ci yunit, wata rana ta tayar da gobara. Talabijin, dikoda da sitabilaiza suna ɗan shan wuta ko an kashe su da rimot, a kashe su daga bango in za a kwanta.

11. Janareta ce wuta mafi tsada

Ƙaramin injin fetur in ya yi ƙoƙari yakan ba da wajen yunit ɗaya da rabi a lita. A ce lita naira 900 ce, yunit ya kama 600 ke nan, kusan ninki uku na rukunin A, ban da baƙin mai da kuɗin makanike. In kuma ƙwai biyu da talabijin kawai aka ɗora wa babban inji, tsadar ta fi haka, domin yana shan mai ko ba kaya a kansa. A ƙayyade masa lokaci, misali daga magariba zuwa ƙarfe goma, a yi duk caji a lokacin, a kwana da fitila da fanka masu caji. Kada a ɗora masa guga ko hita. A riƙa sauya baƙin mai da wanke fulogi da matatar iska a kan kari.

Ina roƙon kowa da Allah, kada a kunna inji a cikin ɗaki, ko baranda rufaffiya, ko gindin taga, komai tsoron ɓarayi. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha hallaka iyali guda cikin barci. Haka ma kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi.

12. Sola, amma a ƙarshe

A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka yi fiye da mako a duhu, mutane da yawa suka yanke shawarar sa sola. Shawara ce mai kyau, rana kuwa Allah Ya hore mana ita. Faifan sola na wat 1,000 yakan ba da yunit huɗu zuwa biyar a yini a yankinmu. Sai dai sa sola a gidan da bai gyara ɓarnarsa ba kamar ɗiban ruwa ne da kwando. Dubi wannan: ƙwai goma na LED, fanka uku na da masu yin awa goma, da talabijin, suna buƙatar sama da yunit uku a rana. Sauya fankokin da masu wat 30, buƙatar ta sauko ƙasa da yunit biyu, batirin da za ka saya ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Batir kuwa shi ne mafi tsada a duk kayan.

Ana iya farawa da ƙarami, na fitila da fanka da caji, a ƙara daga baya. Batirin ruwa ba a son a riƙa zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri. Na litiyam ya fi tsada amma ya fi daɗewa. Faifan ya ɗan karkata ya fuskanci kudu, kada inuwar tanki ko bishiya ta faɗa masa. A hunturu ƙura tana rage masa ƙarfi ƙwarai, a riƙa wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi. Aiki mai nauyi irin jan ruwa da daskarar da firiza a yi shi da tsakar rana, batir ya huta.

Kasuwar cike take da faifai masu lambar ƙarya da tsofaffin batura da aka sake wa fenti, araha kuwa ba ta ado. Kafin ka ba kowa aiki, ka je ka ga gidan da ya haɗa wa shekara biyu da suka wuce, ka tambayi masu gidan. Ka sa ya rubuta maka sunan kowane kaya da ƙarfinsa da tsawon garantinsa, ya sa hannu, sannan ka biya.